Wandon da Ya Fi Ni Tsawo

Litinin, 1 ga Satumba

Na faɗi a matakala yau da safe. Ba wata faɗuwar a-zo-a-gani ba ce: gwiwa ta bugu, tafin hannu ya ɗan saɓule. Amma labari ya kai wa Uwata. Gidan nan ko tari ka yi sai wani ya ɗaga waya. Kafin rana ta yi tsaka ta iso da kayan aikinta na asibiti a jiki, ta durƙusa tana wanke ciwon, tana yi wa gwiwar magana kamar ba a jikin mutum take ba.

Sunan mahaifiyata na sa wa 'yar nan tawa, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ban zaci za ta ɗauki abin da gaske ba.

Ta ce, "Baba, wannan ce ta ƙarshe. Ka sake faɗuwa a benen nan, gidana za ka koma, ko kana so ko ba ka so. Ɗakin yana nan." Ɗakin da take nufi shi ne na bayan kicin ɗinta, inda suke jibge mataccen firji da kekunan yara. Ni da na yi shekara da shekaru a ɗakuna biyun nan, da tagata, da teburina, da makullina a aljihuna.

Na ce ruwa wani ya zubar a matakalar. Ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da naɗa bandeji.

Babu ruwa. Ƙafar wandona ce ta shige ƙarƙashin dunduniyar takalmi, na taka ta da kaina.

Laraba, 3 ga Satumba

Na fito da wandunan duka uku na shimfiɗa a gado. Mai ruwan toka, baƙi, da mai ruwan ƙasa. Tela ɗaya ne ya ɗinka mini su lokacin ina aikin awon filaye a ofishin safiyo, Allah ya ji ƙansa, mutumin da in ya yanka yadi ba ya sake dubawa. Yadi ne mai nauyi, ba irin na yanzu da ake hango gwiwar mutum ta ciki ba. Yadda ya yi su, bakin ƙafar yakan sauka a kan takalmi ya karye sau ɗaya tak, ta baya kuma ya tsaya daidai inda dunduniya ta fara. Marigayiya matata takan ce ko a cikin taro ta ƙafa take gane ni.

Na sa su ɗaya bayan ɗaya. Dukansu sun taru a kan takalmi, ninki kan ninki, kamar buhun da aka zazzage rabinsa.

Na ce wa kaina wanki ne ya sa yadin ya saki. Wanki rage tsawo yake yi, ba ƙarawa ba, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani. Na mayar da su na rufe.

Asabar, 6 ga Satumba

Na je wurin abokina Mai Agogo. Teburinsa na nan a bakin titi inda yake tun muna da baƙin gashi, sai dai yanzu batir yake canza wa agogon roba, sauran lokacin yana kallon masu wucewa. Tun daga nesa ya cire gilashin da yake maƙalawa a ido ya ce, "Safiyo, wandon wa ka aro?"

Na ce na babansa ne.

Ya ce, "A'a. Babana gajere ne, Allah ya gafarta masa. Da nasa ne da ya yi maka cif."

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Na zauna a benci na ja ƙafafuna ƙarƙashi. Duk hirar da muka yi ban ji rabinta ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Abincin rana a gidan Uwata, kamar kowane farkon wata. Mijinta mutumin kirki ne, wannan ne ya fi ba ni haushi, babu inda zan kama. Yaran suka gaishe ni suka koma kan wayoyinsu. Da na tashi wanke hannu na leƙa ɗakin. An share shi da gaske. An kwashe kekunan, an sa sabon labule mai furanni. Firjin yana nan tsaye a gaban taga kamar mai gadi. Ta bango ana jin ƙarar tukwane da famfo.

Na san yadda abin yake tafiya, na gani a kan wasu. Satin farko, "Baba, me za ka ci?" Wata na biyu, "Ku rage murya, Baba na barci." Daga nan sai ka zama abin da ake tambaya a kansa: ya ci, ya sha magani, ya yi wanka. A nan ɗakina in na ga dama in yini ban yi wa kowa magana ba, kuma shirun nawa ne.

Wajen fita na sa hannu biyu a aljihu na ɗan ɗage wandon, kamar mai neman makulli. Ba ta lura ba. Ko kuwa ta lura.

Talata, 9 ga Satumba

Na huda sabon rami a bel da ƙusa, na ja wandon sama har ƙasan haƙarƙari. A tsaye ba laifi. Da na zauna numfashi ya gagara, ga shi na koma irin tsohon da yara ke zanawa a bango: kai, wando, takalmi.

Na gwada naɗewa ta waje. Sai ka ce wanda zai tsallaka kwata. Na naɗe ta ciki na kama da fil. Wannan ya fi, in ba a matso kusa ba.

Mutumin da ya karanta lissafin kusurwa har ƙasar waje, ga shi zaune a bakin gado da fil a baki. Waɗanda na koya wa riƙe tef su ne yau ake buɗe wa ƙofar mota. To.

Alhamis, 11 ga Satumba

Fil ya soke ni a idon sawu a cikin bas. Na daure har inda zan sauka.

Litinin, 15 ga Satumba

Uwata ta kai ni asibitinsu, wai a duba ƙashi. Kafin ganin likita wata ma'aikaciya ta ce in cire takalmi in jingina da sandar awo. Ta sauko da katakon a kaina ta faɗi lamba. Na ce ta sake. Ta sake, ta faɗi ita ɗin dai. Na ce sandar ba a tsaye take ba. Na ja baya na rufe ido ɗaya na daidaita ta da gefen ƙofa, yadda muke yi a fili. A tsaye take ƙyam. Na sa takalmina.

Na ragu da faɗin yatsu uku. Tun ina saurayi na san tsawona kamar yadda na san sunana. Ina suka tafi?

Likitan ko ƙanin Uwata bai kai ba a shekaru. Ya ɗaga hoton bayana a haske yana nuna mata, wai ƙasusuwan sun danne juna nan da can, abu ne na shekaru. "Yana shan madara? Yana samun barci?" Ina zaune a gabansa da kunnuwana biyu. Na ce masa yana iya tambayata, ina jin magana. Ya yi murmushi ya ce, "Sannu, Baba," ya juya ya ci gaba da ita.

A mota ta ce, "Ka dai ji abin da ya ce game da bene." Na ce na ji abin da ya ce mata.

Laraba, 17 ga Satumba

Ban taɓa sa hannu a kan awon da ba ni na yi ba. Na jingina da katakon ƙofa, littafi a ka, fensir a hannu. Na ɗauko tsohon tef ɗina na ƙarfe. Na yi na sake na kuma sakewa, don a aikinmu ba a yarda da awo ɗaya. Duka sun ba matar asibitin gaskiya, na ƙarshen ma ya ƙara rage mini wani abu.

A fili, in lissafi ya ƙi haɗuwa, turke muke komawa, wanda aka kafa da siminti, wanda ba ya motsi. Daga shi ake gane abin da ya goce. Ni a lissafin wandon nan kaina na ɗauka turke.

Na goge layukan fensirin da yawu kada Uwata ta gani.

Asabar, 20 ga Satumba

Akwai yarinyar da ta kama shagon ƙasan benenmu bara, tana sayar da kayan samari. 'Yar Shago kowa ke ce mata. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kiɗan da take kunnawa ma ya ishe ni. Yau ina wucewa, ashe fil ɗin ya zube ban sani ba, sai ta ce, "Baba, tsaya don Allah. Wa ya koya maka wannan?"

Na ce wa ya koya mini me.

"Tarin nan mana. Shi ake yayi yanzu. Samari da gangan suke sayen wanda ya fi su tsawo don ya taru haka." Ta nuna mini a waya. Ƙarti majiya ƙarfi, kowa wando ya tattare masa a idon sawu, sun tsaya suna harare-harare kamar an yi musu laifi.

Na ce a zamaninmu in aka ga mutum haka, an san na gado ya sa. Ta ce, "Yanzu kuwa nema ake yi. Naka ma ya fi nasu, yadin yana da jiki, ninkin yana tsayawa. Takalmin ne bai dace ba." Kafin in hana ta har ta tsuguna. Ta ɗaga bayan ƙafar ta ɗora a saman dunduniya, ta rarraba ninkin da yatsu, wai kada ya taru wuri ɗaya, daga ƙwauri zai fara saukowa a hankali. Wai sai da takalmi mai wuya da tudu, shi zai tare shi kada ya kai ƙasa. Wai kuma riga kada ta yi tsawo, in ba haka ba mutum sai ya koma guntu.

Na ce na gode, na wuce. Duniya ta lalace, har rashin tela ya zama ado.

Amma dai ta ce yadin yana da jiki. Yana da shi.

Litinin, 22 ga Satumba

Takalman aikina na daji suna nan a ƙarƙashin gado, masu wuya, masu igiya. Fatar ta bushe, na shafa mata mai. Na sa mai ruwan toka, na yi yadda yarinyar ta nuna. Ya zauna. Ninkin ya tsaya a wuyan takalmin bai kai ƙasa ba, tudun kuma ya mayar mini da yatsa ɗaya daga cikin ukun.

Mai Agogo ya ce, "Yaƙi aka fara ba a gaya mana ba?" Amma wasu samari biyu a bakin kantin magani sun dubi ƙafata, ɗaya ya taɓa ɗaya, suka gyaɗa kai. Ban kula su ba. Na dai tsaya a gaban gilashin kantin kamar ina karanta sanarwa.

Rabon da wani ya dube ni a titi ba don in matsa masa hanya ba, na manta.

Alhamis, 25 ga Satumba

Uwata ta zo da magunguna. Ta tsaya a ƙofa da leda a hannu. "Baba, mene ne wannan?"

Na ce yayi ne, ta tambayi 'ya'yanta.

Ta yi dariya har ta zauna a gado, irin dariyar da take yi tana ƙarama, da hannu a ciki. Na daɗe ban ji ta ba. Ni ma na ɗan yi. Da ta share ido ta ce in ɗago ƙafa, ta tallafi takalmin a tafin hannunta. "Wannan ya yi maka nauyi. Kawo wandunan in kai a rage, aikin yini ɗaya ne."

Na ce a rage me, babu abin da ya ƙaru.

Ta jera magungunan a tebur, na safe daban na yamma daban, ta rubuta a jikin kowanne da manyan baƙaƙe kamar ban iya karatu ba.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na lura yanzu ƙafafun mutane nake kallo. A tashar bas wani saurayi nasa ya taru wuri ɗaya kamar an ɗaura masa tsumma. Saura kaɗan in tsayar da shi in gyara masa. Wai ni.

Lahadi, 28 ga Satumba

Takalman da nake yini da su a daji ina hawa tudu. Yau daga nan zuwa mai burodi, sharaɓa kamar an daka.

Talata, 30 ga Satumba

Na sake faɗuwa.

A ƙofar shagon, wajen tsallaka 'yar kwatar nan da ko jariri zai tsallake. Ninkin baya ya zame daga wuyan takalmin, ban ji ba. Na tafi gaba ɗaya, burodi ya yi gefe, tabarau ya yi gefe. 'Yar Shago da wani mai sayen riga suka kama ni ta hammata suka ɗaga. Mutumin yana ta cewa sannu, sannu, yana kaɗe mini gwiwa. Da ya yi shiru da ya fi.

Ta zaunar da ni a cikin shagon kusa da mutum-mutumin da take sa wa kaya, ta kashe kiɗan. Na ce kada ta gaya wa Uwata. Ta ce, "Baba, ai wancan karon ma ni na kira ta. Saboda haka ta ba ni lambarta."

Na roƙe ta. Ni da ban taɓa roƙon darakta ba, ko ranar da aka ce in kwashe kayana daga ofis. Na roƙi yarinyar da na girmi ubanta, a gaban mutum-mutumi marar kai. Na ce mata ɗakina ne. Ban san me ya sa na faɗi haka ba, kamar ta san zancen.

Ta ce, "Ni na zuga ka. Ka kai a rage su cikin satin nan, ni kuma ban ga komai ba."

Ko da ma Uwata ta ji, cewa ta yi "a benen nan". Wannan a titi ne. Na riƙe wannan.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na je wurin telan layin baya. Shago ƙarami, keke biyu, rediyo, ƙyallaye ko'ina. Ya ce in shiga bayan labule in sa, in fito in tsaya gaban madubi. Ya tsuguna da alli a hannu, fil a baki, yana sauraron ƙwallo.

"Miƙe, Baba."

Na ce to.

"Miƙe sosai, kada ya fito a karkace."

Na ce a miƙe nake.

Bai ma ɗago ba. Ba da wata manufa ya faɗa ba, hankalinsa na kan rediyo. Amma madubinsa dogo ne, an jingina shi a kusurwa, yana nuna mutum ta gefe. Nawa na gida fuska kawai yake nunawa, don aski. Na ga wani tsoho, kai ya yi gaba, kafaɗu sun bi shi, bel a ƙirji. Na ja numfashi na turo ƙirji. Tsohon ya ɗan motsa, shi ke nan.

Na ce na manta wani abu a gida, zan dawo. Ya ce, "Ba damuwa," da fil a baki.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ban fita ba. Na kunna rediyo, ana hira da wani da ya daɗe yana riƙe mini sandar awo a rana, wanda ko lamba bakwai ba ya iya rubutawa a miƙe. Shi ne babba a ofishin yanzu, yana bayani kan tsara birni. Muryarsa ta yi kauri. Na tabbata telansa har gida yake zuwa ya same shi.

Ta taga na ga 'Yar Shago tana ɗago kai tana duban nan. Sati yana tafiya.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na ce mene ne a ciki. Awo ne da yanka. Na auna filayen da aka gina unguwanni a kansu, ba ƙafar wando ce za ta gagare ni ba.

Na sa mai ruwan toka da takalmina na kullum. Na sunkuya da guntun sabulu na yi alama daidai inda yadin ya taɓa takalmi, ƙafar dama, sannan hagu. Na cire na shimfiɗa a tebur. Na daidaita alamun biyu da tef har babu wadda ta fi wata da ko silin gashi. Na ja layi da rula. Na bar ɗan abin kalmasa. Almakashin marigayiya har yanzu yana ci. Aiki ya yi kyau, wallahi, ko a ofis sai a sa masa hannu.

Na sa. Na miƙe.

Bakin ƙafar yana sama da idon sawu. Safa a waje, har da ɗan ƙwauri. Kamar wanda ya girme kayan makarantarsa.

Na daɗe a tsaye kafin in gane. Da na sunkuya, gaban wandon ya saki ya zubo ƙasa, ni kuma na yi alama a kan abin da ya zubo. Awon daidai ne, mai awon ne ya motsa. A fili ba a yin haka. Mutum ba ya riƙe bakin tef biyu shi kaɗai, kullum da wani a ɗaya bakin. Shi ne abu na farko da nake gaya wa sababbin ma'aikata, da tsawa ma.

Shi ne mafi kyau a cikin ukun. Da shi na kai Uwata makarantar jinya.

Na zauna da guntayen biyu a cinya. Ba a mayar da su.

Laraba, 8 ga Oktoba

Uwata ta zo ba sanarwa. Wandon yana rataye a bayan kujera, ban ɓoye ba, na gaji. Ta ɗaga shi ta duba, ta dubi guntayen a kan tebur, ta ninke su tare ta ajiye. Na jira faɗa. Da ta yi faɗan da na samu abin cewa.

Ta ce, "Sa baƙin, Baba. Da takalmin da kake fita da shi."

Na sa. Ta zaro fil daga jakarta, da ma da shi ta zo. Ta durƙusa. Na fara turo ƙirji, ta ce, "A'a. Tsaya yadda kake tsayawa." Na tsaya yadda nake tsayawa.

Daga sama ina kallon kanta. Akwai furfura a gefen ɗankwalinta. Yaushe? Ba wanda ya gaya mini.

Tana kafa fil ta ce, "Yarinyar shagon ta faɗa mini. Tun ranar, kafin ka gama hawa bene." Na ce yarinyar ta yi mini alkawari. Ta ce, "Ni ta fara yi wa." Na fara cewa ai ba a bene, ta ce, "Na sani, a titi ne. Tun ina hanya na san abin da za ka ce." Ta juya ni ta kama ta baya. "Na ji wando ne. Har ruwan nan da aka zubar a matakala ma wando ne. To, za a gyara wando, sai mu gani."

Ta tafi da biyun. Na rasa ko nasara na yi ko me.

Asabar, 11 ga Oktoba

Wandunan sun dawo a goge, da karinsu. Na sa baƙin. Ya sauka a kan takalmi ya karye sau ɗaya. Ta baya ya tsaya inda dunduniya ta fara. Na yi ta zagaya ɗaki.

Mai Agogo ya duba sama ya duba ƙasa. "Ka mayar wa mai shi ke nan." Na ce na mayar, yana gaishe shi. Ya ce to yanzu saura rigar, hannun ya rufe agogo. Mutumin nan ba zai taɓa barin ɗan'uwansa ya ji daɗi ba.

'Yar Shago ta gaishe ni, na amsa a taƙaice. Ta ce, "Ya yi kyau, Baba, sai dai an daina yayinsa." Ban yi dariya ba sai da na hau sama.

Laraba, 15 ga Oktoba

Hawa da sauka lafiya. Na mayar da takalman daji ƙarƙashin gado. An gama wannan zancen.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Uwata ta bugo, ba ta ambaci ɗaki ba. Ni ma.

Litinin, 20 ga Oktoba

Da hantsi, ina hawowa daga sayen burodi. Ƙafar hagu ta bugi bakin matakala. Na kama ƙarfen gefen benen da hannu biyu, kafaɗa ta daki bango, na juya na zube zaune. Ban gangara ba. Babu kowa. Shagon kiɗa yake yi, ba ta ji ba.

Abu na farko da na yi, na duba wandon. Bakinsa yana inda Uwata ta kafa shi, tsakaninsa da dunduniya da sauran wuri. Na duba igiyar takalmi, a ɗaure. Na shafa matakalar da tafin hannu, a bushe. Na yi ta laluben wurin kamar wanda ya yar da allura.

Ƙafar ce ba ta ɗagu ba. Na ce mata ta ɗagu, na san na ce, ba ta ɗagu ba.

Na zauna a wurin har na ji an buɗe wata ƙofa a sama, sai na sunkuya kamar ina ɗaure igiya.

Ba wanda ya gani. In na yi shiru, ba a yi ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Ban sauka ba. Akwai sauran burodi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na buɗe ƙofa na tsaya a saman matakalar ina kallonta. Shekara da shekaru ina bin ta ko a duhu, ban taɓa lura tana da tsayi haka ba. Wanda ya gina ta bai san aikinsa ba, tsakanin taki da taki ba daidai ba ne, da ido ma ana gani. Da can ma haka take. Na rufe ƙofa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Mai Agogo ya hawo. Na ji shi tun daga ƙasa, yana hawa yana hutawa yana zagin wanda ya ƙirƙiro bene. Ya faɗa kujera yana haki. "Safiyo, mutuwa ka yi ba a sanar ba? Na ce bari in zo, ko da rabon wando."

Na dafa masa shayi. Ya ga wandon a jikina da karinsa, da takalmi, a cikin ɗaki. Ya ce ina za ni. Na ce ba ko'ina. Ya kurɓi shayi bai ƙara tambaya ba. Muka yi hirar waɗanda suka mutu, da wanda ya kamata ya mutu bai mutu ba.

Da zai tafi ya tsaya a ƙofa ya leƙa ƙasa. Ya ce, "Wannan ne hawana na ƙarshe, ka sani. Gwiwar nan ta gama aiki. In kana son ganina, ka san inda teburina yake." Ya sauka da baya da baya, hannu biyu a ƙarfe, kamar mai shiga rijiya. Na tsaya ina kallon tsakiyar kansa har ya ɓace. Ban iya raka shi ko taki ɗaya ba. Bai ce in raka shi ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Mijin Uwata na buga wa, ba ita ba. Shi ba ya yawan tambaya. Na ce tambaya ce kawai: ɗakin nan na bayan kicin, daga shi zuwa banɗaki akwai hawa? Ya ce akwai ɗan dakali a ƙofa, amma abu ne mai sauƙi, gobe ma sai ya kira magini a mayar da shi gangare. Na ce kada ya kuskura. Maginan yanzu ba su san gangare ba, za su yi masa abin da ko mai lafiya sai ya zame. Kada a taɓa sai na zo na gani da idona. Ya ce, "To, Baba. Firjin fa?" Na ce ba ruwana da firji, amma wanda ya ajiye shi a gaban taga bai yi tunani ba.

Ban ce zan koma ba. Aiki zan je dubawa. In ya ɗauki kwanaki, siminti ne, ba ya bushewa don mutum yana sauri.

Ta bugo da yamma, muryarta a daidaite kamar tana karanta sakamakon gwaji. Ta ce za ta zo gobe da safe da mota. Na ce in ta zo kada ta tsaya a ƙasa tana danna mini hon kamar direban haya, ta hawo. Ta ce to. Na ce kuma in za mu sauka ita za ta yi gaba. Ta ce, "To, Baba."

Na goge mai ruwan ƙasa, na gobe. Baƙin na sa shi a jaka, da reza, da tabarau na karatu. Wurin aikin siminti ne, dole mutum ya tafi da na canji.